Kawu Ila da Ƙuri'ar Cikin Hula

Ku da kuka san Kawu Ila, ƙanin mahaifiyata, kun san ba a cewa "kowa ya ce" a gabansa. Da ka furta, sai ya sauko da tabarau kan hanci, ya dube ka kamar ya kama ka da akuyar sata: "Kowa? Mutum nawa ka tambaya? A ina ka same su?" Kai! Ko liman bai tsira ba.

Malamin ƙididdigar gona ne a Karaye, cikin shekarun tamanin. Aikinsa ya auna amfanin gonaki kaɗan, da su a kintaci na yankin gaba ɗaya, kuma da rahotonsa ake raba taki.

Wata kaka aka tura shi Beli. Mai unguwa ya tarbe shi da fura mai sanyi, ya ce, "Malam, ba sai ka wahala ba. Ga gonaki uku nan bakin hanya, na zaɓa maka." Kawu ya leƙa, duka ukun ciyawar wuta-wuta ta cinye su. Ya ce, "Ranka ya daɗe, da waɗannan garin nan yake rayuwa?" Nan take ya rubuta sunan kowane magidanci a 'yar takarda, ya zuba a hularsa, ya girgiza, ya ce ladan ya rufe ido ya zaro goma.

Mai unguwa ya ce, "Caca a garina?"

"Ƙuri'a ce, ranka ya daɗe. Hula ba ta da suruki."

Wallahi sunan farko da ya fito na mai unguwar ne! Gonar tana can bayan tudu, dawa ta fi mutum tsayi. Ba a ƙara wa Kawu fura ba.

Kuma ba ya taɓa ba ka adadi guda. Ka ce buhu nawa gonar nan za ta yi, sai ya ce, "Tsakanin takwas da sha ɗaya, kuma ban rantse ba." Matarsa, Inna Hajo, ta taɓa tambayarsa yaushe zai dawo. Ya ce, "Tsakanin azahar da magariba." Ta ce, "To, tuwonka ma tsakanin zafi da sanyi za ka same shi."

Ni kuwa na sha nawa. Da Habu, malamin firamare ɗan Rogo Sabon Gari, ya nemi aurena, ina so yana so, sai Baba ya yi kuskuren tura Kawu bincike. Ya ƙi tambayar abokan Habu, wai duk bakinsu ɗaya. Ya bi unguwar yana tsallake gida huɗu ya yi sallama a na biyar, har gida ashirin. Ya dawo fuska a murtuke.

Baba ya ce, "Me aka ce?"

"Sha takwas sun yabe shi."

"Alhamdu lillahi!"

"Dakata. Biyu ba sa gida. Me ya fitar da su ranar da na zo? Su ne suke damuna."

Na shiga ɗaki na fashe da kuka. Sati uku ana jiran sa rana, Kawu yana zarya a kan babur! Na farkon mutum biyun ya tafi fatauci Kudu. Na biyun da ya samu, ya yabi Habu har da hawaye, sai Kawu ya soke shi, wai yabon ya yi yawa, da wata a ƙasa. Ashe kurma ne, ya ɗauka wani Habu da ya rasu bara ake nufi.

Ranar ɗaurin aure Kawu ya matso kusa da ango ya ce, "Na yarda da kai, amma ba ɗari bisa ɗari ba."

Da Kawu ya rasu, ana zaman makoki, wani tsoho ya iso a ƙafa daga Falgore, ba wanda ya san shi. Ya ce tun da yake noma, ba ma'aikacin da ya taɓa taka gonarsa sai Malam Ila. Wai Malam Ila ya zauna a kan tabarmarsa, ya saurare shi, ya rubuta abin da ya faɗa bai ƙara ba bai rage ba. 

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya haskaka kabarinka, ya karɓe ka da rahama. Amin.