Baban Ungulu Ya Kwanta Dama

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Mayu, da hantsi, Wanda Ya ba mu aronka Ya karɓi abinSa. Yaya, ka cika a gadon asibiti na kusa da taga, hannunka cikin nawa, ni ƙanwarka da ka goya. Har yanzu bakina bai saba kiran ka marigayi ba.

Mahauci ne kai, a mayankar da mahaifinmu ya yi aiki. Ka sha ba mu labarin yadda ungulaye suke cika rufin kwanon wurin a zamanin ƙuruciyarka, har ƙarar ƙafafunsu ta hana a ji ciniki. Kafin azahar sun share duk abin da aka zubar, ba wari ba ƙuda. Sannu a hankali suka yi ta raguwa, ba wanda ya damu sai kai. Kullum kana ware tarkacen da ba mai saye, ka kai musu bayan katanga, ka tsaya korar karnuka har su gama. Abokan sana'arka suka laƙaba maka Baban Ungulu don tsiya, kai kuwa kana amsawa kamar sarauta aka ba ka.

Ba zan manta ranar da ka shigo gida rungume da wata mai karyayyen fiffike ba. Ka ɗaure mata shi da kara da tsumma, ka ajiye ta a ɗakin shirgi. Matarka ta rantse ko ita ko wannan mummunar aba, kai kuma ka lallashe ta da cewa ita ai tana da gidan iyaye, baiwar Allah kuwa ba ta da kowa. Dariya ta kashe rigimar. Daga baya ita ce mai kai mata ruwa, har tsuntsuwar ta warke ta tashi.

A wannan lokacin ne wani baƙo ya biyo ka har ƙofar gida yana neman ka sayar masa da kanta. A bakinka na fara jin cewa akwai masu fataucin kawunan ungulu, kuma guba suke zuba wa mushe su kashe garke guda a wuni ɗaya. Ka sallame shi ba tare da ka ɗaga murya ba, amma ranar ko abinci ba ka taɓa ba.

Abin da ka ji tsoro shi ya faru. Direban motar da ke kai wa mayanka ruwa ya ce da safe kuka tarar da mataccen jaki a bayan juji, ungulaye zube kewaye da shi, duk an yanke musu kai. Kaɗan da suka rage suna shawagi a sama, suna shirin sauka. Ya roƙe ka ka jira ma'aikatan lafiya, ka ce kafin su zo an gama. Ka ari shebur ka haƙa rami, ka ja mushen da hannunka, hannun da bai rabuwa da yankan wuƙa, ka binne shi da gawawwakin tsuntsayen. Kafin rana ta take gumi ya rufe ka, amai ya biyo, numfashi ya fara gagara.

Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ya ce gubar ta riga ta bi jini. Washegari ka farfaɗo na ɗan lokaci, ka dube ni ka ce, "Auta, sauran sun sauka?"

Na ce ba su sauka ba, direba ya tsaya har suka watse. Ka ce alhamdu lillahi, ka rufe ido. Ba ka ƙara magana ba.

Yaya, tun daga ranar ba a sake ganin ungulu ko ɗaya a saman mayanka ba. Ba mu sani ba ko ƙaura suka yi, ko wani mushen suka tarar a gaba. Bayan katanga yanzu sai wari da tsutsa da garken karnuka, har an ciji wata mai wankin kayan ciki. Waɗanda suka zuba gubar ba a kama su ba. Mun bar su da Allah.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda har yau ta kasa buɗe ɗakin shirgin nan, da 'ya'yanka, da mahautan da suka yi ta kuka a makabarta kamar ba su ne masu zolayar ka ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Yadda ka ji tausayin halittar da kowa yake ƙyama, Ubangijinta Ya ji tausayinka. Amin.