Shayin ladaninmu ya ceci mawaƙin Turawa

Yau da safe Baturen da nake tuƙawa ya shigo mota murya a dishe, ya ce, "Shi ke nan, Isuhu, sanyin AC ya kashe ni."

Mawaƙi ne, sati uku yana wasa a nan Riyad. Tsofaffin waƙoƙin kakanninsu yake rerawa, ba lasifika, daga shi sai mai molo. Ga wasan ƙarshe da la'asar a Unguwar Jakadanci!

Na miƙa masa filas ɗina na shayin citta, kanumfari da zuma. Na ce, "Sha, ka yi shiru har azahar. Haka ladaninmu na Damagaram ke yi."

Jama'a, da ya buɗe baki a zauren wasan, muryar nan ta dawo tas, har tsikar jikina ta tashi! Yana gamawa ya nuna ni, kowa ya juyo yana tafa mini.

Ku fa, wane maganin gida ya taɓa fitar da ku kunya?