Muryar da Yaya ta haɗa wa mijinta

Yayarmu ta daɗe tana rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon tayoyi. Mace ce marar hayaniya. In ka ga bakinta yana motsi, to da kwamfuta take faɗa.

Da ciwon suga ya taɓa idon mijinta, malamin makaranta mai son karatu kamar me, sai ta samo masa manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo. Muryar manhajar ba ta yi masa ba, wai kamar mutum yana magana cikin bokiti. Yaya ta zauna a teburin cin abinci ta haɗa masa wata mai taushi. Ta zuba ta a irin ƙunshin da masu sana'ar ke kira laburare, wanda manhaja ba ta ɗauko shi sai ta tashi aiki.

Wata safiya kwamfutar mijin ta sabunta kanta, murya ta ɗauke.

"Injiniya," ya kira ta daga falo, "mutuniyar taki ta yi fushi da ni."

Ta jingine tsintsiya ta zo ta duba. Saƙon kuskuren da ke kan allo gajere ne: an ɗauko laburaren, an kira wani aiki da sunansa, ba a same shi ba. Kanta ta fara zargi. Ta buɗe laburarenta tana bin sunayen da ke ciki, sai ta ga aikin ba nata ba ne, aro take yi daga wani laburaren sauti. Ta bi sawu can. Ashe masu shi sun sauya wa aikin suna a sabon da suka fitar.

"Za ta dawo kuwa?" ya tambaya. Wannan karon babu wasa a bakinsa.

"Sha shayinka, Malam. Maƙwabcinta ne ya canja suna bai gaya mata ba."

Ta gyara sunan, ta sake haɗa laburaren, ta kunna. Kafin shayin ya huce, muryar ta ci gaba da karanta masa labaran safe.

Daga baya ya kai wa abokansa na ƙungiyar makafi muryar, su ma suka ba wasu. Yanzu duk sabon sauyin da ya fito, Yaya kan riga kowa gwada shi, sannan ta aika musu cewa su sabunta, ba komai.