Direban da Ya Gano Jirgin

Hamad Bahaushen Sudan ne, direba, daga wani ƙauye kusa da Damazin. A ƙarshen 2011 yaƙi ya koro shi Alƙahira shi da 'yarsa Aya, suka kama ɗaki ɗaya a unguwar Ainu Shams. Da ƙyar ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani a unguwar Mohandessin, yana kai Turawa yawo cikin hamada. Ba shi da takardar izinin aiki, kuma mai kamfanin, Ustaz Hussain, ya san da haka.

A 2013 wata tsohuwar Baturiya ta zo neman inda jirgin mahaifinta ya faɗi a Yaƙin Duniya na Biyu, tun tana jaririya. Kwana huɗu suna bulayi a hamadar yamma. Hamad ne ya hango wani abu yana ƙyalli a gefen dutse, ya hau da ƙafa. Hancin jirgin ya nutse a rairayi, fiffike ɗaya ya karye. A ƙarƙashin ɗayan ya tarar da ƙasusuwa da takalmi ƙafa ɗaya. Ya cire rawaninsa ya lulluɓe su, sannan ya sauko ya riƙo hannun tsohuwar ya hau da ita.

Ta yi kuka har ta gaji. Da ta natsu, sai ta tambaye shi ta bakin tafinta, "Kai ma ka taɓa rasa wani?"

Ya ce, "Matata, Awadiyya. Jirgi ne ya sako musu bam, ita da wasu mata, a hanyar rijiya. Gudu muke yi, ban tsaya na binne ta ba."

Ta ce, "Ma'alish," wato ya yi haƙuri. Iyakar Larabcinta ke nan.

Bayan sun dawo, aka aika aka kwaso ƙasusuwan cikin akwati, aka lulluɓe da tuta. Jarida ta buga hoton Ustaz Hussain yana murmushi. Hoton ne ya jawo jami'an tsaro, suka zo suna tambayar wanda ya shigar da baƙi yankin soja babu izini. Ustaz Hussain ya nuna Hamad.

"Wannan ne. Ni garin Siwa kawai na ce ya kai su."

Wata biyar ya yi a tsare. Kafin ya fito, Aya ta bar makaranta ta kama aikatau a wani gida a Giza, don kada a kore su daga ɗakin.

Yanzu facin tayar tuk-tuk, adaidaita sahun can, yake yi a bakin titi, kusa da tashar jirgin ƙasa ta metro. Maƙwabcinsa Ishaq, ɗalibi daga Kano, ya ce wa Hamad ya bar shi ya rubuta wa tsohuwar wasiƙa.

Hamad ya ce, "Khalas, a bar maganar, Malam Ishaq. Ita ta samu abin da ta zo nema. Ko sunana ba ta tambaya ba."

Ranar Juma'a kaɗai Aya take zuwa gida. Takan wanke masa kaya, ta dafa shayi, su zauna. Babu mai tayar da maganar makaranta a cikinsu.