Kwamfutar da Ba a Kashewa

Yau bikin Ayudha Puja ne a birnin Coimbatore na Indiya, ranar da ake hutar da kayan aiki a sa musu albarka. A ofishin da masu gina shafukan intanet suke zama tare, kowa ya kashe kwamfutarsa ya rataya mata furanni, ban da mutum ɗaya.

Kayalvizhi, ɗaya daga cikin masu gina shafukan, ba ta san sunansa ba. Mai furfura ne, gumi na bin wuyansa duk da sanyin ɗakin. Ya kare kwamfutar da hannu biyu kamar mai tare wa fitila iska. A allon, farin shafi ne da hoto guda. Shafin mai sayar da alewa ne, amma da za a ce na asibiti ne, ba mai musawa.

Mai ofishin ta iso da farantin turare.

"Yaya, kashe ta mana. Yau ko keken ɗinki hutawa yake."

"Ƙanwata, sa mata albarkar a haka," in ji shi. "Shafin nan kan manhajoji dubu yake tsaye, ban san wanda ya rubuta ko ɗaya ba. Bara da na kashe, kwana tara bai tashi ba."

Kayalvizhi tana jin a da wannan mutumin ya san shafinsa layi-layi, kamar ɗakin uwarsa.

Ya ɗiga wa kwamfutar jan garin sa albarka, can nesa da makunninta. Kayalvizhi ta waiga ta dubi tata, a mace ƙarƙashin furanni. Gobe da safe za ta miƙa aikin da ke cikinta.