Gazuwal ɗin da Kamilou Bai Sata Ba

Ni abinci nake sayarwa a Mahdiya, wata unguwa a garin Sabha na Libiya, shinkafa da wake da rana, tuwo da yamma, kuma duk wanda ya daɗe yana cin abincinka sai ka san halinsa ko ba ka so. Ta nan na san Malam Kamilou. Mutumin wajen Tawa ne, dogo, baƙi, ba shi da yawan magana, in ya ci ya ƙoshi sai ya wanke kwanon da kansa ya kife, duk da na sha hana shi. Har yau in na tuna abin da aka yi masa sai raina ya ɓaci, shi ya sa ma nake son in faɗa.

Fari ne ya koro shi daga gida. Ya bar matarsa Nafissatou da 'ya'ya, ya hau mota ya ƙetaro hamada kamar yadda dukkanmu muka yi. Ya yi aikin gona a bayan gari, ya yi leburanci a gine-ginen unguwar Hajara, daga baya Allah ya haɗa shi da wani kamfani mai rarraba kayan masarufi a cikin yankin Fezzan, suka ɗauke shi gadi. Sun ba shi wani ɗan ɗaki a gefen ƙofa, wanda da a ce akuya aka ɗaure a ciki da ta yi ƙorafi, amma shi godiya ya yi ta yi.

Gadin ƙofa ƙaramin aiki ne a cikin abin da aka ɗora masa. Babban aikinsa shi ne ɗakin sanyi. A can ƙuryar kamfanin akwai wani ɗaki marar taga, a ciki an jera manyan kwamfutoci dogaye kamar kabad, su ne ke riƙe da duk bayanan kamfanin: me ya rage a sito, wace mota ta tafi Ubari, wane kanti ya yi oda. Cikinsu fayafayai ne masu juyawa dare da rana, suna cin wuta, suna fitar da zafi kamar murhu. Saboda haka aka kafa musu na'urar sanyaya ɗaki har biyu, abin da muke ce wa kilim. Mutum yana waje yana narkewa, ƙarfe yana ciki yana shan iska.

Wutar Sabha kuwa kowa ya san halinta, tana tafiya ba sallama. Tun ranar farko mudir, wato manajan wurin, ya kira Kamilou ya ba shi doka guda: in wuta ta ɗauke, ka tayar da gurup, janareta ke nan, kilim biyun nan kada su tsaya, ɗakin nan kada ya yi ɗumi, kuma kada ka shiga. Sau ɗaya Kamilou ya taɓa tambaya ko mene ne amfanin abin da ke ciki, mudir ya ce masa an ɗauke shi ya yi aiki ne, ba a ɗauke shi ya yi tambaya ba. Daga ranar bai sake ba.

Tunda an hana shi shiga, sai ya samo tasa dabarar. Yakan cire takalmi ya sa tafin ƙafarsa a ƙasan ƙofar, inda iska ke fitowa. In ya ji sanyi ya ratsa yatsunsa, to lafiya lau. In ya ji sanyin ya fara raguwa, sai ya ruga wajen gurup. Na sha ganinsa ya ajiye loma a tsakiyar cin abinci don ya ga fankar shagona ta tsaya. Sallar Juma'a ma a sahun ƙarshe yake tsayawa, kusa da hanya. Shekaru ya yi a haka, ɗakin bai taɓa ɗumi ba.

Sai ga wani injiniya ya zo daga Tarabulus, sunansa Haroun. Ya yi kwanaki yana shiga yana fita. Aka fito da kabad-kabad ɗin nan aka loda a mota, aka shigar da wani akwati da bai fi akwatin tafiya girma ba, da manyan batura, da wani ɗan ƙaramin kilim. Aka kuma jera farantan sola a kan rufi, Kamilou ne ma ya yi ta hawa da su a kansa, yana zaton fitilun ofis za a haɗa. Haroun ya gama ya hau jirgi ya koma. An yanka rago a ofis an yi walima, an ba Kamilou nasa kason a leda. Amma a cikin mutanen nan duka, daga mudir har magatakarda, ba a sami mutum ɗaya da ya tsaya ya ce masa, bawan Allah, dokarka ta canja ba.

To mai doka ya ci gaba da dokarsa. Wuta ta ɗauke, ya tayar da gurup, kilim biyu suna ta kuka. Har murna yake yi, ya zo yana ba ni labari wai ɗakin yanzu ya fi da sanyi, in ya sa ƙafa kamar ya taka ƙanƙara.

Bayan wata biyu ko uku mudir ya lura gazuwal, wato man dizal ɗin gurup, yana ƙarewa kamar da. Shi kuwa an yi masa alkawarin cewa da sabon akwatin nan kusan ya rabu da sayen mai. A garin da gazuwal ke wuya, ana dogon layi, ana sayar da shi a bayan fage, ba sai an yi dogon tunani ba wajen neman wanda za a ɗora wa laifi. Ya fito tsakar kamfani, a gaban masu lodi da direbobi, ya kira Kamilou ɓarawo. Ya ce ko dai man ya daina ɓacewa kafin ƙarshen wata, ko ya kira shurɗa. Wanda ba baƙo ba ne a ƙasar nan ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Mu in 'yan sanda suka tafi da mutum, ba a tambayar yaushe zai dawo.

Ranar ya zo shagona bai iya cin komai ba. Halilu yana nan, wani ɗan Kano mai gyaran waya a layinmu, mai baki kamar reza amma zuciyarsa fara. Ya sa Kamilou ya kwatanta masa abin da aka fitar da abin da aka shigar, sai ya riƙe baki.

"Baba, ai filash suka sa," in ji Halilu. "Irin memorin da ke cikin wayarka ne, sai dai babba. Ba abin da ke juyawa a ciki. Ya fi tsofaffin sauri nesa ba kusa ba, wutar da yake ci kaɗan ce, zafinsa ma kaɗan. Baturan nan da sola sun ishe shi, da ɗan ƙaramin esi guda. Janaretan da kake tayarwa, bango kawai kake sanyayawa."

Kamilou ya ce, "To mi ya sa ba su gaya mini ba?"

Ni ce na amsa, don na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, sai an san da mutum ake gaya masa magana."

Halilu ya matso da kujerarsa ya rage murya. Ya ce shawara ɗaya ce. Kamilou ya yi gum da bakinsa, ya rage tayar da gurup, ya riƙa kunna shi jefi-jefi don a ji ƙara. Mai zai daina ƙarewa, mudir zai ɗauka ya tsorata ne ya daina sata, magana ta mutu, aiki yana nan, ɗaki yana nan. Amma in ya je ya faɗi gaskiya, to ya gaya musu da bakinsa cewa ba a bukatar mai tayar da gurup, ƙofa kuwa ga kyamara an riga an kafa.

Ba zan ɓoye ba, ni ma na goyi bayan Halilu, kuma har gobe ina ganin shawararsa ta mai hankali ce. Mutum yana da iyali a gida suna jiran abin da zai aiko. Na ce, "Malam Kamilou, ka haɗiye. Mutanen nan ko ka wanku ko ba ka wanku ba, kallon da suke mana ɗaya ne."

Ya ce, "Hajiya, in na yi haka, ai na amsa ke nan. Kullum na wuce, direbobin nan za su ce ga ɓarawon da ya tuba. Cikinsu akwai 'yan garinmu. Magana tana tahiya gida ta riga mota. Ɗana shina makaranta, a ce mishi ubanka gazuwal yaka sata a Libiya?"

Halilu ya ce, "Baba, suna ba ya cika ciki."

"Na sani," in ji shi. Ya tashi ya wanke kwanon da bai ci komai a ciki ba.

Washegari ya tsaya a ƙofar ofis har mudir ya gaji ya ce ya shigo. Da Larabcinsa na kasuwa ya roƙi abu ɗaya, a kira injiniya a waya a tambaye shi ko ana bukatar gurup. Mudir ya kira, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji don ya kunyata shi. Magatakardan da ke wurin shi ya ba mu labarin yadda aka yi. Haroun ya yi mamaki, ya ce wa ya ce a ci gaba da tayar da janareta? Ya ce ai ya faɗa wa mudir tun ranar da ya gama aiki, a kashe manyan kilim ɗin, a bar ƙaramin. Aka buɗe ɗakin, sanyi ya buso kamar an buɗe firij ɗin mahauta, ga ɗan akwatin can a kusurwa fitilunsa na ƙyaftawa. Wannan ne karon farko da Kamilou ya ga cikin ɗakin da idonsa.

Mudir ya fashe da dariya. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ya yi ta buga tebur yana cewa wata uku ana sanyaya bango, yana kiran mutane su zo su ji. Mantuwar tasa ce, amma abin dariyar ya zama Kamilou. Ba a yi maganar shurɗa ba kuma, ba a kuma yi maganar haƙuri ba.

Ƙarshen wata aka kira shi aka ce ya kwashe kayansa, za a mayar da ɗakinsa wurin ajiye taya. An ci moriyar ganga. Akwatin da ya karɓe masa aiki ban ga laifinsa ba, ƙarfe ne, an ce yana da sauri, ba ya cin wuta, to madalla. Abin da ke ci mini rai shi ne an san yadda za a lallaɓa ƙarfe shekara da shekaru kada ya ji zafi, amma mutumin da ya yi lallaɓar bai kai a tsaya a yi masa magana ta minti ɗaya ba.

Kafin ya fita ya sake roƙon abu ɗaya. Ya ce a inda aka kira shi ɓarawo, a nan yake so a janye. Mudir yana sauri zai shiga mota, ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki, ya ɗaga murya ga masu lodi da direbobi ya ce, "Ku ji, Kamilou ba ɓarawo ba ne. Aikinsa ne kawai ya ƙare." Ya ja ƙofa ya tafi.

Da azahar sai ga shi a shagona, da buhunsa a kafaɗa da butarsa a hannu, bai san inda zai kwana ba. Na shirya zan zazzage masa duk abin da ke cikina game da mudir da kamfaninsa, sai na ga fuskarsa a sake, har da murmushi. Ya ajiye buhun ya zauna.

"Hajiya, ya faɗa," in ji shi. "Gaban kowa ya faɗa, 'yan garinmu suna tsaye."

Na juya na zuba masa shinkafa, na ƙara masa nama, ya cinye tas.