Fiton da Baba Bai Ji Ba

Baba ya yi suna a Zongo da kunne. Direba ne, ba makaniki ba, amma yana kan tabarma mota za ta wuce ƙofar gidanmu ya aika a ce wa mai ita ya je a duba masa bel ɗin inji, kuma a tarar haka ne. Motarsa farar bas ce mai shan gas, da ita yake kai mu kasuwar Agoè-Assiyéyé da atamfofinmu, ni da maƙwabtana. Tana da turbo, wata 'yar farfela da hayaƙin inji ke juyawa tana cusa masa iska. In ya taka wuta sai ta yi siririn fito, shi kuma ya ce amaryarsa ce ke guɗa.

Da azumin wata shekara fiton ya koma kuka mai tsini kamar jiniya. Ina gaba kusa da shi, har cikin haƙorana nake jin sa. Na faɗa masa, ya ce mai auna yadi ta tsaya a yadinta. A kwanakin ne kuma ya tsiri mita wai ladanin unguwa ya lalace, ba ya buɗe murya.

Sai motar ta fara nauyi, ko a miƙaƙƙiyar hanya sai ta yi nishi. Shuɗin hayaƙi na bin mu, baƙin mai na raguwa kullum alhali babu ɗigo a ƙasa. Baba ya ɗora laifin kan gas ɗin bakin titi.

Da ƙyar na lallaɓa shi zuwa garejin wani makaniki ɗan ƙabilar Ewe a Totsi. Mutumin ya cire tiyon iska, ya same shi jage-jage da mai, ya taɓa farfelar tana girgiɗi kamar haƙorin tsohuwa.

"Alhaji, le turbo est fini, turbon ya mutu. Ba ka jin ihun da take yi?"

Baba bai dubi inji ba, bakin mutumin yake kallo. Nan na gane ya daɗe yana yi mana haka a gida. Baba ya ce motar da ya rena ba wanda zai koya masa kukanta. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, don yarda da turbon yarda ce cewa kunnen ya tafi, kuma ba shi da wani abin taƙama bayan shi.

Wata safiya a ƙofar kasuwa injin ya hau gudu da kansa, ba tare da an taka wuta ba. Baba ya murɗa makulli ya zare, injin bai mutu ba, baƙin mansa yake sha yana ruri. Hayaƙi ya rufe rumfuna, mata suka watse da goyo. Wani direba na ta ƙwala masa kira ya sa babbar giya ya saki kuloci, Baba bai waiwaya ba. Yana zaune da makulli a hannu har injin ya buga ya yi tsit.

Bayan magariba ya kira ni zaure, ya ce in zauna inda fitila ke haska fuskata.

"'Yar nan, tun yaushe take kukan?"

"Tun azumi, Baba."

Ya jima yana juya makullin.

"Ladan fa? Muryarsa na nan yadda take?"

Na gyaɗa kai, don na san amsar ba za ta kai kunnensa ba.